A Tuɓe wa Jarumin Komadugu Sulken Aro

Wata magana ta zauna daram a bakin masu wasan Dungeons & Dragons, tun daga Amurka inda aka ƙirƙiro shi har zuwa 'yan tsirarun samarinmu da suka tsinto shi a waya. Wai in kana son jaruminka ya yi tsawon rai, ka zaɓar masa sana'a ɗaya tak, ka lulluɓe shi da ƙarfe tun daga ka har dunduniya. Wanda ya bar nasa ba sulke, ya kuma raba masa lokaci tsakanin sana'a biyu ko uku, kallon mai son burgewa ake yi masa, wanda lissafi ya fi ƙarfinsa. Ni dai ban yarda ba. A ko'ina ma maganar tana da rauni, amma a gaɓar kogin Komadugu ta wuce rauni, ta zama ƙarya a kan mutanen da suka rayu suka yi yaƙi a kwarin nan.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne ke zama da takarda da fensir. Ɗaya shi ne mai jan wasa, shi ke ba da labarin ƙasa da abin da ke cikinta. Sauran kowa ya ƙirƙiri jarumi guda, ya riƙa faɗin abin da jarumin zai aikata. In abin mai haɗari ne sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, ita za ta raba gardama. Ba a sa kuɗi, saboda haka masu saurin kiran caca su ɗan dakata. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a 1974 daga garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, kuma tsatsonsa wani wasan yaƙi ne na 1971 da ake jera 'yan mutum-mutumin baraden Turai a kan tebur. Wannan asali bai taɓa sakinsa ba. Ƙasar da dokokinsa ke hange ƙasa ce mai sanyi, mai gidajen dutse, inda babban mutum shi ne wanda maƙeri ya fi wahala a kansa.

Bari in ba masu sulke haƙƙinsu tukuna, don lissafinsu ba na banza ba ne. A bugun 2014 kowane jarumi yana da makin kariya, wato lambar da maƙiyi zai kai kafin saransa ya shiga. Mayaƙi sabon shiga yana iya fara wasa da sulke mai maki 16, in ya riƙe garkuwa ya zama 18. Ranar da ya mallaki rigar farantan ƙarfe ya hau 18, da garkuwa 20, kuma ba ruwansa da ko yana da zafin nama ko ba shi da shi. Marar sulke kuwa daga jikinsa zai haɗa kariyarsa. Mayaƙin jeji mai fusata, wanda littafin ke kira Barbarian, yana ɗaukar 10 ya ɗora makin zafin nama da na juriya. Mai horon jiki da numfashi, wato Monk, yana ɗaukar 10 ya ɗora zafin nama da basira, amma an hana shi garkuwa. A farkon wasa dukansu wajen 15 ko 16 suke tsayawa, kuma kowane maki ɗaya a ƙwaya mai fuska 20 kashi 5 ne cikin 100. Haɗa sana'a ma da nasa harajin: sai kana da 13 aƙalla a halayen da tsohuwar sana'arka da sabuwar ke nema, ba a ba ka baiwar rashin sulke sau biyu, kuma duk wanda ya ratse kafin jaruminsa ya hau mataki na 5 a sana'arsa ya jinkirta wa kansa sara na biyu, wanda shi ne babban ci gaban mayaƙi. Duk wannan haka yake.

To amma a ina aka yi lissafin? A fili ne shimfiɗaɗɗe, ba rana, ba kogi, ba dare, maƙiyi yana tsaye yana jira a gama ɗaure maɗauri. Littattafan wasan da kansu sun fi masu bin su adalci. Littafin mai jan wasa na 2014 ya ce in zafi ya kai kusan digiri 38 kuma ba ruwan sha a hannu, kowace sa'a sai an jefa ƙwayar juriya, lambar da ake nema tana hawa sa'a bayan sa'a, wanda ya faɗi ya hau matakin gajiya guda, na shida kuwa mutuwa ce. Mai matsakaici ko babban sulke sau biyu zai jefa a ɗauki mafi muni. A Diffa, in aka ce digiri 38 a watan Afrilu ko Mayu, ai sauƙi aka samu ranar. Rigar farantan nan nauyinta ya kusa kilo 30, sa ta yana cin minti 10, alhali zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne, yawancin faɗan kuma bai cika minti guda ba. Ke nan in aka faɗo wa zango da tsakar dare, barden da ya yi watsi da zafin nama saboda ya dogara da ƙarfe zai tashi da kariya 10, ko ma 9, ƙasa da ta yaron da ke riƙe masa doki. Ba ya iya sanɗa, don dokar ta ce shi ma a nan mafi munin jifa biyu ake ɗauka. Kuɗin rigar zinariya 1,500 ne, a littafin da ya ce ladan lebura azurfa 2 ne a yini, azurfa 10 kuma ke yin zinariya ɗaya. Ku lissafa: yini 7,500, fiye da shekara 20 ana dako ba ci ba sha. Masu jan wasa ne ke yafe duk waɗannan, don suna ganin ƙidayar ruwa da zafi tana rage armashi. Bayan an yafe wa sulke duk bashin da ke kansa, sai a dawo a ce ai shi ne mai riba.

Wani ɗan ƙanwata da ke jami'a ya koyo wasan, yakan ja wa abokansa a zaurenmu bayan la'asar. Ƙwaya mai fuska 20 a waya suke jefa ta, takardun jarumai kuwa daga littafin rubutu aka yago su, an goge an sake gogewa har takardar ta yi laushi wajen makin rai. Ya yi abin a yaba masa: ya ɗauko labarin daga dazukan Turai ya dawo da shi gida, zamanin Birni Gazargamu, tsohon babban birnin Borno. Da na karɓi takardun na duba, huɗu ne, kuma dukansu barade ne cikin sulke, har wanda aka rubuta cewa ɗan masunta ne.

"Kawu, ai haka lissafin ya ce," in ji shi.

Na ce, "To ɗana, ga ayarinku a Damasak, watan Oktoba, sarki ya aike ku wannan gaɓar kafin asuba. Da me za ku haye?"

Wani daga cikinsu ya ce, "A kan doki, Baba."

Yaron an haife shi a Diffa. Ya san yadda kogin nan yake a Oktoba, ya ga ruwan 2019 da ya shiga unguwanni. Amma da ya ɗauki fensir sai abin da idonsa ya gani ya ɓace, abin da littafi ya faɗa ya zauna. Laifin ma ba nasa ba ne shi kaɗai: bugun 2003 yana ninka wa mai sulke hukunci in ya shiga iyo, na 2014 kuwa ya cire wannan, har mutum ya faɗa ruwa da kilo 30 na ƙarfe ya fito yana murmushi.

Kuma kada a ɗora wa Amurkawa duka kayan. Mu ma mun daɗe muna yi wa kanmu wannan. Duk sanda aka ce a zana jarumtar da, hoto ɗaya ke fitowa: doki cikin lifidi, mahayi da kwalkwali da gashin jimina, irin wanda ake gani a hawan sallah a Damagaram ko Katsina ko Kano. Hoton gaskiya ne, kuma tsoho ne. Tarihin sarakunan Kano ya ce Kanajeji ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, wajen shekara 600 da suka wuce. Da Turawa matafiya Denham da Clapperton da Oudney suka iso Kukawa a Fabrairun 1823, bayan sun biyo gefen tafkin Chadi sun haye kogin nan namu, dakarun Shehu al-Kanemi na Borno da suka tarye su cikin sulke suke. Sai dai waɗannan 'yan ƙalilan ne na jikin fada, su ne ake jerawa a gaba ranar da baƙo zai shigo. Wanda ya tsaya a kansu ya ga ƙofar gida ne kawai.

A bi Denham ɗin wata biyu gaba. A Afrilun 1823 ya bi wata runduna kudu, da Larabawan Bu Khalum masu bindiga, da dawakin Borno ƙarƙashin Barka Gana, da na Mandara, suka faɗa wa garin Fulani na Musfaya. Abin da suka tarar shinge ne na itace mai tsini, da maharba a bayansa da kibau masu dafi. Rundunar ta watse. Bu Khalum kibiya ce ta same shi a ƙafa, dafin ya kashe shi a hanyar gudu. Denham kansa tsirara aka tuɓe shi, da ƙyar ya sha. Bayan 'yan makonni Shehu al-Kanemi ya fita da kansa zuwa ƙasar Manga, ya bi gaɓar Komadugu ta kangon Gazargamu, don Mangawa sun ƙi biyayya a ƙarƙashin wani malami da ake kira Malam Fanami, wanda ya yi suna wajen rubutu da laya. Ƙashin bayan rundunar Shehu a wannan tafiya 'yan mashin Kanembu ne, wajen 9,000 a ƙidayar Denham, a ƙasa suke, ba abin da ke jikinsu sai fata a ƙugu da ƙyalle a ka, da wuƙa ɗaure a hannun hagu, da doguwar garkuwa ta wani itace marar nauyi da ke tsirowa cikin ruwan tafki. Waɗanda aka fito dominsu kuwa maharba ne dubbai, su ma a ƙasa. Shehu bai yi gigin tura dawaki cikin kibansu ba. Lallashi da dabara suka gama maganar, Malam Fanami ya zo ya miƙa wuya, aka yafe masa. Shekara 29 bayan haka, a ƙarshen 1852, da Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Manga a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, abin da ya gani bai sauya ba: mutum a ƙasa, da warki, da baka da kwari, da gatarin yaƙi.

Waɗannan fa su ne kakannin mutanen Maine-Sorowa da Gudumariya da Ngigmi. Jikansu ne ke zaune a zaurenmu yana rubuta wa jaruminsa rigar barden Faransa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne labarin Mai Idris Alauma da mutanen Sau na gaɓar kogin nan, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta a 1576. Sarki ne mai dawaki, mai 'yan bindiga da Turkawa suka horar, mai raƙuma. Amma Sau-Gafata suna zaune cikin kurmin bakin kogi, a ƙofar babban birninsa, sun gagari sarakunan da suka gabace shi. Me ya yi? Ya gina sansani kusa da Damasak, ya sa aka dinga sare musu itatuwa da rani, ana lalata musu amfanin gona da damina, shekara bayan shekara. Gatari ne ya ci wannan yaƙin. Sai da aka mai da kurmi fili tukuna doki ya sami wurin sukuwa. A cikin tafki kuwa, har ƙarni na 19 Buduma na cikin tsibiransu da shanunsu masu manyan ƙahoni da jiragensu na ciyawa, suna fitowa su kai hari gaɓa su koma, ba sarkin Borno da ya iya bin su. Shi wannan Mai Idris ɗin sai da ya sa aka sassaƙa manyan jirage kafin rundunarsa ta riƙa haye kogin cikin sauri. Tambayar da na yi wa yaran nan a zaure, sarki ne da kansa ya zauna ya nemi amsarta.

Za a ce na zaɓi labaran da suka yi mini daɗi. To ga wanda bai yi ba. A Tabkin Kwatto, a Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu, galibinsu maharba a ƙasa da 'yan dawaki kaɗan, sun karya rundunar Yunfa sarkin Gobir mai lifida. Amma kafin shekarar ta fita, a Tsuntsuwa, Gobirawa da Abzinawa suka yi musu mummunar ɓarna, mahaddata Alƙur'ani da yawa suka kwanta a wurin. Da daula ta kafu kuma, su da kansu suka koma tara dawaki da lifida. A fili, da rani, a ƙasa mai tauri, doki mai lifidi abin tsoro ne, kuma audugar nan tana shanye kibiya mai dafi, abin da aka yi ta dominsa ke nan. Ban ce sulke banza ba ne. Cewa na yi kayan wuri ɗaya ne da lokaci ɗaya, kuma kwarin Komadugu, mai laka rabin shekara da yashi da zafi sauran rabin, ba ya cika ba shi wannan wurin. Ko ranar da aka yi yaƙin da ya rufe babin dawakin Borno, a gaɓar nan aka yi shi: a Gashagar, a 1894, Shehu Kyari na Borno ya kori mutanen Rabe, wanda ya mamaye ƙasar, da farko, mayaƙansa suka shagala da ganima, Rabe ya sake haɗa 'yan bindigarsa ya dawo, aka kama Kyari aka kashe. Waɗanda suka ci ranar a ƙasa suke, cikin rigunan yadi.

Saura maganar sana'a ɗaya, wadda a ganina ta fi ta sulke nisa da mu. Shi al-Kanemi wace sana'a za a rubuta masa? Malami ne da ke zaune a Ngala yana karantarwa, aka kira shi bayan Gazargamu ta faɗi hannun Goni Mukhtar a 1808, ya zo da addu'a da 'yan mashi, ya ƙare yana musayar wasiƙun hujja da Muhammadu Bello. Abdullahi ɗan Fodiyo da ya jagoranci Tabkin Kwatto masanin nahawu ne da tafsiri. Malam Fanami alƙalami ne a hannunsa, maharba a bayansa. A bar manya ma, a sauko bakin kogi. Mutumin Mobar a Geskeru ko Shetimari, in ruwa ya zo masunci ne, in ya fara janyewa manomin tattasai ne da shinkafa, yana da 'yan awaki, in kaya ya bushe shi ne ɗan kasuwar da zai bi buhunansa. Bamange yana noman gero da damina, da rani ya shiga kwari dafa gishiri ko haƙar kanwa. Na san za a tuna mini da sana'ar gado, a ce ai ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan wanzami wanzami. Haka ne, amma wane maƙeri ne a ƙauye bai da gona? Kogin da ke zuwa ya tafi, wanda kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 zuwansa ya rataya a kan abin da aka saki daga can sama, bai taɓa barin mutum ya jingina da abu ɗaya ba. Mun ga ƙarshen wannan da idonmu bayan harin 6 ga Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, da dokar ta-ɓaci ta hana babur, ta tsayar da cinikin kifi da tattasai, aka kuma kwashe mutanen tsibirai a watan Mayu. Wannan ba abin wasa ba ne, ba kuma zan ja shi cikin wasa ba. Abin da kawai zan ce, a bukkokin da suka jeru gefen kwalta a shekarun nan, wanda na ga ya fi saurin miƙewa shi ne mai wata sana'ar a aljihu.

To yaya za a gina irin wannan jarumi ba tare da an zama kaya ga abokan wasa ba? Kuskuren da ke ba masu sulke abin faɗa shi ne haɗa sana'o'in da ba sa shan ruwa a rijiya ɗaya, a wayi gari ana neman hali huɗu ko biyar duk su yi sama. Maharbin Manga ba ya buƙatar haka. Mai horon jiki da mafaraucin jeji, wato Ranger, abu ɗaya dokar ke nema a wurinsu, zafin nama 13 da basira 13. A zuba manyan lambobi a nan, a fara da 16 da 16, kariya ta zama 16, daidai da sulken sabon mayaƙi mai nauyin kilo 25, alhali shi warki ne kawai a jikinsa, kuma da shi yake kwana, da shi yake iyo, da shi yake sanɗa. In halayen biyu suka kai 20, kariyar ta kai 20. Mataki na 2 na horon jiki yana ƙara masa sauri muddin ba sulke, na 3 yana ba shi ikon rage ƙarfin kibiyar da aka harbo masa, wani lokaci har ya cafe ta. Mataki na 2 na farauta yana ƙara masa 2 a duk harbin baka. Wanda ke son Malam Fanami sai ya ɗora matakin malanta ɗaya, ita ma basira 13 take nema, ba a fita daga gida ba.

Wannan basirar da ke zama garkuwa kuwa ba sai an je gidajen ibadar Sin nemanta ba, inda littafin ya aro ta. Muna da 'yan tauri da mafarauta da rigunansu na layu, muna da guru da kambu, muna da mutumin da ke shiga fage ƙirji a buɗe saboda abin da ya sha. Ba ina cewa laya na tare kibiya ba, malamai sun daɗe da yin maganarsu a kan wannan. Amma wasa ne da macizai masu fuka-fuki ke hura wuta a cikinsa. In an yarda da wannan, ban ga dalilin da ɗan tauri zai tsaya a bakin ƙofa ba.

Ɗan mashin Kanembu ya fi daɗin gini. A fara da mayaƙin jeji: juriya 16, zafin nama 14, garkuwar itace, kariya 17, maki ɗaya tak ƙasa da barde mai sulke da garkuwa. In ya fusata, duk sara da suka da duka rabinsu ke shiga, baiwar da dokar ta hana mai babban sulke. Sai a ɗora masa mataki biyu na ɗan sanɗa, wato Rogue, wanda zafin nama 13 kawai yake nema. Na farko yana ninka masa ƙwarewa a abu biyu, a zaɓi motsa jiki, wato iyo da kokawa da hawa, da kuma ɓuya. Na biyu yana ba shi damar ya soka ya janye ko ya ɓace cikin ciyawa a zagaye guda. Akwai wani ɗan sharaɗi da masu karatun dokoki za su ɗaga: sukan mamaya na ɗan sanɗa ba ya aiki da mashi, sai da makami mai kaifi marar nauyi. Madalla. Ga wuƙar nan ɗaure a hannun hagu, wadda Denham ya gani shekara 200 da suka wuce. Mashi na sahu ne, wuƙa ta cikin duhu ce.

Farashin yana nan, ban ɓoye shi ba. Ranar da abokansa suka hau mataki na 5 suna sara biyu-biyu, shi sai ya jira mataki ɗaya ko biyu. A fili da rana a sanyaye, barde zai fi shi daɗewa a tsaye. Amma wasan nan ba jerin dambe ba ne a cikin da'ira ɗaya, tafiya ce, kuma mai jan wasan da ya san ƙasarsa zai sa a ji tafiyar. Ya ƙidaya salkar ruwa tsakanin Ngigmi da rijiya ta gaba. Ya tambayi wa zai ɗauki sulke in an zo mashigi, kan wane gora za a ɗora shi, wa zai tsare shi in an kai shi can gaɓar kafin mai shi. Ya bar ƙaya da sauro da laka su yi aikinsu. Wasu sun riga mu gane haka: littafin Nyambe da kamfanin Atlas Games ya buga a 2002, wanda ya gina duniyarsa a kan Afirka, ya ba jarumai baiwar kauce wa makami a madadin ƙarfe, ya aro ta daga dabarun mayaƙan Angola na da. Abin kunya ne a ce daga can aka tuna da zafin ranarmu, mu da muke cikinta muka manta.

Ko masu son barde tsakani da Allah, littafin ya cuce su ba su sani ba. A jadawalinsa rigar auduga mai ɗinki ita ce mafi ƙasƙancin kariya, maki 11, zinariya 5, kayan wanda bai da komai. A nan kuwa lifidi kayan fada ne, sarki ke ba da shi. Wanda ke son ya sa shi a wasa ya karanta abin da Clapperton ya gani a Oktoban 1826, da ya bi rundunar Sakkwato zuwa garin Gobirawa na Konya: 'yan lifidi sai da mutum biyu suka ɗora kowannensu a kan doki, dokin ba ya wuce tafiyar ƙasaita, kibiya ba ta yi musu komai, amma harsashi ɗaya daga bindigar cikin gari ya kayar da na gabansu, sai jan sa aka yi daga fage. Dokar ke nan an riga an rubuta ta. A ba lifidi kariya mai yawa daga kibiya, a hana shi sauri, a sa masa mataimaka biyu da za a ciyar a biya, a bar kibiyar wuta ta kama shi, in mahayi ya faɗo kuma kada ya tashi sai wani ya zo ya ɗaga shi. In an rubuta wannan a takarda, sai yaran su zaɓa, wa zai hau, wa zai riƙe baka, wa zai haye kogi da dare ya dawo da labari.